Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwa malamai, labari ya iso reshenmu cewa ana shirin sayo sabuwar manhajar kwamfuta da za ta riƙa lissafa albashinmu, har an ɗauko wasu ƙwararru daga waje domin su ba hukuma shawarar wadda ta dace. Kawo yau ba a gayyaci ƙungiya zama ko ɗaya ba. Ba a tuntuɓi akawun da ya shekara ashirin yana shirya baucar albashi a ofishin sakataren ilimi ba, balle malamar ƙauye wadda abincin 'ya'yanta ya rataya a kan abin da na'urar za ta fitar a ƙarshen wata. Wannan ne dalilin rubutun nan, kuma muna roƙon iyalanmu su karanta tare da mu, domin tukunyarsu ce ake magana a kai.

Kada wani ya yi mana sharrin cewa muna gudun zamani. Mu ne muka yi layi a rana muna jiran mai biya ya iso da jakar kuɗi, mun kuma san yadda sunayen matattu da na waɗanda ba su taɓa riƙe alli ba suka riƙa cinye abin da ya kamata a ɗauki sababbin malamai da shi. Duk na'urar da za ta kori ma'aikatan bogi muna maraba da ita. Ƙorafinmu yana kan yadda ake zaɓenta, da wanda ake ba wuƙa da nama wajen zaɓen.

Kowa ya san dillali a kasuwar dabbobi. Amfaninsa a fili yake: ya san farashi, ya san lafiyayyar saniya daga mai ciwo. Amma ba mai hankalin da zai tura dillalin mai saniya ya duba masa haƙoranta, domin la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa. To, yawancin kamfanonin da ke ba da shawara kan manyan manhajojin gudanar da ma'aikata abokan hulɗar masu ƙera su ne. Suna da takardar wakilci, sun horar da yaransu a kan manhaja guda, kuma babban kuɗin yana zuwa ne bayan an saya: kuɗin girkawa, kuɗin gyara ta don ta dace da tsarin ma'aikata, kuɗin lasisi na kowace shekara, kuɗin horarwa. Wanda aka tambaya wace hanya za a bi, alhali motarsa ce kaɗai ke bin ɗaya daga cikin hanyoyin, mun san amsarsa tun bai buɗe baki ba.

Ba zato muke yi ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatar lafiya ta jihar Kwinslan a ƙasar Ostireliya ta fara biyan albashi da sabon tsarin da kamfanin IBM ya girka. Dubban malaman jinya da sauran ma'aikata suka wayi gari wasu an biya su ƙasa da haƙƙinsu, wasu an zarce, wasu ba a ba su ko anini ba. Kwangilar da ta fara da dalar Ostireliya miliyan 6 da 'yan kai, an ƙiyasta gyara ta da tafiyar da ita zai laƙume wajen biliyan 1.2. Hukumar binciken da ta ba da rahoto a 2013 ta gano cewa mashawarcin da aka ɗauko daga waje, wanda ya jagoranci zaɓen ɗan kwangila, ya karkata ga kamfanin da ya yi nasara. Da gwamnatin jihar ta kai ƙara, kotu ta sallami kamfanin a 2015, saboda tun a 2010 an sa hannu a wata yarjejeniya da ta wanke shi. Kamfani ya tafi, mashawarci ya tafi, malaman jinya suka zauna da bashi.

Abin ya taɓa faɗa wa malamai irinmu. A watan Janairun 2007 hukumar makarantun birnin Los Anjalas a Amurka ta kunna sabon tsarin albashi na kusan dala miliyan 95, da taimakon kamfanin Deloitte. Aka kwashe wajen shekara guda malamai dubbai suna karɓar albashin da bai yi daidai ba, daga baya kuma aka bi waɗanda aka zarce wa da takardar su dawo da rarar, kuɗin da tuni ya shige cefane da haya.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Wani lokaci baƙon yakan faɗi gaskiya, masu gida su toshe kunne. Gwamnatin Kanada ta ƙaddamar da tsarin Phoenix a Fabrairun 2016, bayan ta rage akawunan albashi ta tattara aikin a gari guda. Wani kamfanin nazari mai zaman kansa ya ja hankali kafin a kunna, ya ce a bi a hankali, ba a saurare shi ba. Babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya bayyana a 2018 cewa jami'ai sun soke gwajin da aka shirya yi a ma'aikata ɗaya, sun kuma cire wasu muhimman sassa na manhajar domin kada kasafi ya wuce. Fiye da rabin ma'aikatan tarayya suka shiga matsalar albashi. Shawarar waje tana da rana, in mai ba da ita ba shi da hajar da yake tallatawa, kuma in rahotonsa zai fito fili kowa ya gani, yadda babu jami'in da zai iya danne shi a aljihun tebur.

A gida ma ba mu manta da IPPIS ba, wanda aka fara a 2007 da tallafin Bankin Duniya. Ya kama sunayen bogi, ba mu musa ba. Amma da aka nemi cusa jami'o'i a ciki ba tare da la'akari da yanayin aikinsu ba, irin su hutun bincike da malamai masu ziyara, sai ya zama ɗaya daga cikin dalilan yajin aikin ASUU na 2020 da na 2022, na biyun ya kai wata takwas. A Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi daga tsarin. 'Ya'yanmu sun yi asarar zanguna a gida kafin a yarda da abin da masu aikin suka faɗa tun farko.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shin ƙwararren da aka sauke a otal ya san cewa malami guda yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a shaidar kwaleji, Muhammad a BVN? A tantancewar da ta gabata, wani abokin aikinmu ya yi wata uku ba albashi a kan harafi biyu, yana zarya zuwa babban birnin jiha da kuɗin aro, alhali kullum da safe yana gaban aji. Shin ya san da alawus na kashi 27.5 da NUT ta samo da yajin aiki a 2008? Ya san dokar 2022 da ta mayar da ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 na aiki, ko kuwa na'urarsa za ta sallami mutum a 60 kamar sauran ma'aikata a inda aka riga aka karɓi dokar? Ina batun ƙarin girman da ake rattaba wa hannu bana a fara biya baɗi, da ariyas ɗinsa, da kuɗin ƙungiya da na adashinmu da ake cirewa daga tushe? Akawunmu ya haddace waɗannan kamar sunayen 'ya'yansa, amma shi ne ake shirin ajiyewa gefe.

Akwai kuma tambayar da muke son amsarta a rubuce: yaya za a biya waɗannan mashawarta? Idan ladansu kaso ne daga abin da aka ce sun ceto wa gwamnati, to kowane sunan da aka goge riba ce a gare su, na bogi ne ko na mai rai.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe su rubuta wa hukuma a wannan makon. A ba ƙungiya kujera a kwamitin zaɓe kafin a sa hannu, tare da akawu biyu daga ƙananan hukumomi. Mashawarci ya bayyana alaƙarsa da kowane kamfani, kuma wanda ya ba da shawara kada ya dawo neman kwangilar girkawa. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta hana irin wannan cin tudu biyu, jihohi kuma suna da dokokinsu makamantanta. A tafiyar da tsohon tsari da sabo kafaɗa da kafaɗa na aƙalla wata uku, a fara da ƙaramar hukuma ɗaya, a kwatanta lissafin malami da malami. Bayananmu, wato hoton yatsu da lambar asusu da ranar haihuwa, su kasance a hannun gwamnati ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023, kada ranar da aka ɓata da kamfani ya riƙe su garkuwa. A rubuta a kwangila wanda zai biya diyya idan albashi ya maƙale. Sannan a buɗe tebur a kowane ofishin ilimi inda za a gyara kuskure cikin kwana bakwai, ba sai an hau mota ba.

Kafin taron wata mai zuwa, kowane wakilin makaranta ya tattaro sunayen waɗanda tantancewar baya ta taɓa, da yawan watannin da suka rasa, da kwafin takardar albashinsu ta ƙarshe. Da waɗannan za mu shiga ofishin shugaban hukuma.