Wanda Ya Kai Rahoto, Wa Zai Rufa Masa Asiri?

Ya kai mai karatu, ɗalibi ne kai ko uba, ga tambaya: da za ka ga baƙin fuska da shanu a bayan gari da magariba, wa za ka faɗa wa?

Na yi wa wani dattijo wannan tambaya ranar kasuwar Kankiya. Sai ya ce, "Malam, bakina da goro. In na faɗa da safe, kafin la'asar sunana ya isa daji." Wannan tsoro shi ne ciwonmu.

Dokoki kam ba mu rasa ba. Tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitoci inda jami'ai za su zauna da mutanen gari. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma. A Fabrairun 2024 kuma kudirin kafa 'yan sandan jihohi ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai. To, amma mutum nawa ne a Kankiya ko Kusada suka taɓa halartar irin wannan zama?

A ganina, duk dokar da za a yi, in babu abu biyu a cikinta, aikin banza ne. Na farko, a wajabta wa DPO zama da masu unguwanni, limamai, mata da matasa kowane wata, da Hausa, a bainar jama'a. Na biyu, a tanadi hukunci mai tsanani ga jami'in da ya tona sunan mai rahoto. Sirri amana ne.

Wani zai ce ai magabta za su samu ƙofar ƙulla sharri. Gaskiya ne, akwai wannan. Shi ya sa bincike ya wajaba kafin kamu, mai ƙarya kuma ya ɗanɗana kuɗarsa.

Iyaye, mu da Ingawa wakili ɗaya gare mu a Abuja. Ku rubuta masa, ku tare shi in ya zo gida. Ɗalibai, ku karanta wa na gida wannan shafi. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.