Hunturu Ya Wuce, Ƙasa Ta Farka: Me Ya Hana Mu Shuka A Kurmi?



Duk wanda ke zaune a Ikko ko Badun ko Shagamu ko Fatakwal, in dai yana ɗan duba ƙasa idan yana tafiya, ya san abin da kan faru daga tsakiyar watan Maris zuwa Afrilu. Ƙurar hunturu ta kwanta, hadari ya haɗu sau biyu ko uku, ruwa ya sauka, kafin mako ya zagayo sai ka ga ko'ina ya yi kore shar. Zogalen da ya kakkaɓe ganye ya tsaya kamar sandar makiyayi tun Janairu ya fara toho. Shuwakar da ke jikin katanga, wadda kowa ya ɗauka ta mutu, ta fito da sababbin rassa. Alayyahu da lalo da ɗan ganyen nan mai ruwa-ruwa da Yarbawa ke kira gbure su tsiro da kansu a bakin rijiya da bayan madafa, ba wanda ya shuka su, irin bara ne da ya zube ya kwanta yana jira. Mangwaron da ya yi fure a tsakiyar hunturu kuwa, 'ya'yansa sun fara nuna.

To, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in ka leƙa gidajen maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da Ibibiyo za ka iske kusan kowa na da abin da ya kafa: ugu na hawa katanga, ayaba a kusurwa, ɗoɗɗoya a tsohon bokiti. Amma in ka shigo unguwanninmu na Hausawa, sai ka yi ta ratsa gidaje ba ka ga ko tushen kuɓewa ɗaya ba. Mu ne fa 'ya'yan manoma. Mu ne ke sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 da ta Bodija, kuma 'yan uwanmu ne da yawa ke noman latas da alayyahu a filayen gefen Ojo da Iyana-Iba suna ciyar da mutanen Ikko. Duk da haka, ganyen miyar da za a ci a gidanmu sai an ba yaro kuɗi ya je ya sayo. A ganina wannan sakaci ne, kuma lokacin gyara shi shi ne waɗannan makonni na farkon ruwa.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ƙasa ke yin wannan farkawa. A ƙasashen Turai sanyi ne ke kwantar da tsirrai, ƙanƙara ta rufe lambu, sai rana ta ƙara tsawo iska ta yi ɗumi wajen Maris da Afrilu sannan furanni su fito, shi ya sa masu fassara kan kira wannan lokaci nasu bazara. A wajenmu kuwa ƙishirwa ce ke kwantar da su. Busasshiyar iskar da ke tasowa daga Sahara tana zuƙe danshin ganye da na ƙasa, itace ya zubar da ganye don ya adana ɗan ruwan da ke jikinsa, iri kuma ya ƙi tsirowa. Haka ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, su ma suna tsayar da aiki. Da zarar ruwa ya taɓa su sai su tashi gaba ɗaya su afka wa busasshen ganye da sauran tarkacen da ya taru duk tsawon rani, su narkar da shi, sinadarin naitirojin ya fito da yawa a lokaci guda. Wannan sinadari shi ne wanda manomi ke saye da tsada a buhun yuriya. Wani masani mai suna Birch ya bayyana wannan al'amari a 1958 bayan binciken da ya yi a Gabashin Afirka, har yau da sunansa masana ke kiransa. Amma fa wannan taki na kyauta ba ya jira. In babu saiwar da za ta kama shi, ruwan Yuni da Yuli mai ƙarfi zai wanke shi ya yi ƙasa da shi. Ke nan wanda ya shuka da wuri ya ci bulus, wanda ya makara sai ya sayi taki.

A nan ne da yawa daga cikinmu ke tafka asara, domin mun zo Kurmi da kalandar gida a ka. A Kano ko Katsina watan Afrilu tsakiyar bazara ne, zafi kamar ya tsaga dutse, ba mai zancen shuka sai ƙarshen Mayu ko Yuni. A nan Kudu kuwa, a Afrilu damina ta riga ta kankama. Ruwan yana ƙaruwa har Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta a yankin Yarbawa, ya dawo a Satumba da Oktoba, wato mutum na iya shuka sau biyu a shekara ba tare da ya ja guga ba. Ikko na samun ruwa sama da milimita 1,500 a shekara, Fatakwal sama da 2,000, alhali Kano a matsakaici ba ta kai 1,000 ba. Hausawa dai sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Wanda ke Agege yana jiran a yi masa waya daga gida a ce an yi shuka, ya riga ya bar wata biyu sun wuce shi.

Sai dai a kula, ruwan farko yakan yi yaudara. Yakan sauka sau ɗaya a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, sannan ya ɗauke na mako biyu ko uku, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro. Dabarar tsofaffi ita ce a bari a yi ruwa mai kyau sau biyu ko uku kusa da juna, a tona ƙasa a ga danshi ya kai zurfin tafin hannu. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, kan fitar da hasashen lokacin faɗuwar damina na kowace jiha a farkon kowace shekara, ana kuma karanta shi a rediyo. Mai shuka a bokiti ko buhu ma wannan bai dame shi ba sosai, tunda ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya ya isa ya riƙe masa shukarsa kafin sama ta dawo.

Me za a shuka? Shawarata ita ce a fara da ganye, a bar dogon buri. Alayyahu na isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma in an yanke shi sama-sama yana sake fitowa. Lalo, wanda a nan ake kira ewedu, irinsa na da taurin ɓawo, don haka akan ƙulle shi a tsumma a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi kafin a watsa, in ba haka ba ya yi ta fitowa ɗaya-ɗaya. Kuɓewa kan fara 'ya'ya cikin wata biyu. Rama da yakuwa suna yi sosai don ganye, amma mai son zoɓo sai ya yi haƙuri, domin yakuwa ba ta fure sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina. Zogale da shuwaka ba sa ma bukatar iri, reshe kawai za a sara a kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai dai zogale ba ya son inda ruwa ke kwanciya, kuma in ba a rage masa kai ba zai miƙe ya fi ƙarfin hannu. Attarugu yana jin daɗin Kudu. Gwanda kan yi 'ya'ya kafin shekara ta cika.

Abin da ba zan ba kowa shawarar ya fara da shi ba shi ne tumatir da albasa. Tumatir ba ya shiri da yawan danshi, ga kuma wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasar Kudu wadda ke sa shi ya yi yaushi ya mutu a tsaye yana kore. Albasa kuwa a daminar Kurmi ganye za ta yi ta yi, kai ba zai yi girma ba. Da yawa sun gwada waɗannan biyun, suka sha kashi, suka yanke hukuncin cewa ƙasar nan ba ta noma. Ƙasa lafiyarta lau, zaɓin ne bai dace ba. Wanda ya nace sai tumatir, to ya nemi irin da aka tanada don Kudu. A Badun akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda ke wannan aiki tun shekarun 1970.

Wani zai ce, duka-duka nawa ganyen miya yake da za a dame mu? Mai wannan magana ya manta da abin da muka gani. A 2016 tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, magidanta a Ikko suka koma miyar gwangwani. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, dillalan kayan abinci da shanu sun tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, kaya suka yi ta ruɓewa a Arewa, a nan kuwa farashi ya yi tashin gwauron zabo, kuma ba a tambayi mai saye ko Bahaushe ne ko Bayarabe ba. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Duk lokacin da aljihu ya matse, ganye da 'ya'yan itace ne farkon abin da ake cirewa daga tukunya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa babban mutum na bukatar aƙalla giram 400 na su a kullum. Ban ce buhu biyar na alayyahu zai raba mutum da kasuwa ba. Masara da shinkafa da manja da albasa duk sai an saya. Amma gidan da ke da zogale da rama da kuɓewa a tsakar gida ba zai kwana da tuwo babu miya ba.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne, ai mu baƙi ne, ba zama muka zo ba. Haba jama'a! An kafa unguwar Sabo ta Badun tun 1916. Akwai gidaje a Agege da Shagamu da kakannin kakanni suka zo fataucin goro, aka haifi 'ya'ya da jikoki a nan, wasu ma ba su san hanyar garin asalinsu ba. Shekara fiye da ɗari ana cewa gobe za a koma. Ko da ma gaskiya ne mutum zai tashi baɗi, alayyahu mako huɗu yake nema, wa ya ce ka dasa goro?

Uzuri na biyu, gidan haya ne kuma babu fili. Wannan gaskiya ne ga mutane da yawa, musamman masu ɗaki ɗaya a cikin Ikko. Amma tsohon buhun shinkafa, ko robar fenti, ko jarkar da ta fashe, duk gona ce in an huda gindinta aka cika ta da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Takin ma ba nisa yake da mu ba, tunda 'yan uwanmu ne a kara da mayankar Oko-Oba da sauran wuraren da kashin shanu ke tsibi ana neman mai kwashewa. A dai bar shi ya ruɓe sosai, ɗanye yana ƙone shuka. In mai gida ya ba da notis, ka ɗauki gonarka ka sa a mota tare da katifa.

Na uku, tsoron sauro da maciji. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, shi ya sa hujin gindin bokiti ya zama dole, shi ya sa kuma ban son shuka a tsohuwar taya, domin tana riƙe ruwa a cikinta. Maciji kuwa duhuwa da tarin shirgi da ɓeraye yake bi, lambun da ake shiga kullum ana cire ciyawa ba wurin zamansa ba ne. Abokan gabar gaske su ne akuyar maƙwabta da kaji da dodon-koɗi, kuma ɗan shinge da toka da sammako sun ishe su. Inda nake so a yi hattara ƙwarai shi ne wajen ɗebo ƙasa da ruwa. Kada a ɗebi ƙasa a kusa da garejin makanikai ko inda ake fasa batir ko ƙona shara, domin dalma da sauran guba na shiga ganye. Kada kuma a yi ban-ruwa da ruwan kwata.

Sai kuma masu hali a cikinmu, waɗanda Allah Ya hore wa suka gina nasu. Yayi ne yanzu a malale tsakar gida da siminti ko intalok tun daga ƙofa har bayan gida, ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Sakamakon shi ne da rana gidan ya zama tanda, da dare bango ya yi ta amayar da zafi, in an yi ruwa kuma babu inda zai nutse sai ya kwarara titi ya haɗu da na maƙwabta. Mutanen Badun ba su manta da ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta Agustan 2011 ba. Ban ɗora wa siminti laifin duka ba, akwai toshe magudanai da gini a hanyar ruwa, amma kowane gida da aka rufe ruf yana ƙara wa kwata kaya. Barin taku uku a jikin katanga ba zai rage wa gida kwarjini ba.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin Operation Feed the Nation, aka yi ta kira a rediyo cewa kowa ya noma bayan gidansa, makarantu da barikoki suka yi gonaki. Shirin bai daɗe ba ya shuɗe, kamar yadda shirye-shiryen gwamnati suka saba. Wannan karon kada mu jira sai an yi mana shela. Iyaye mata, ku da kuka san zafin cefane, ku sa yara su nemo buhu biyu a wannan makon. Wanda zai je gida ganin dangi ya ƙullo irin rama da yakuwa da kuɓewa a leda, ya raba wa maƙwabta. Wanda ke da zogale ya sari reshe ya miƙa wa na kusa da shi, ko Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba, wataƙila shi kuma ya ba ka irin ugu. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda suka ɗauka a faranti kuɓewa ke fitowa, su ma su ga yadda ake yi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya. Sai mun sake haɗuwa.