Sha'anin Ruwa Ya Fi Ƙarfin Fanni Guda

Ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta sake tayar da wata tsohuwar tambaya, watau wane irin ilmi jami'o'inmu ke bai wa waɗanda za a damƙa wa amanar albarkatun ruwa.

Tarihi ya ishe mu darasi. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta raya noman rani a Kadawa, amma ta rage malalar damina da manoma da masunta da makiyayan fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, daga baya kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. A Bakolori kuwa, rikicin diyyar gonaki ya jawo asarar rayuka a 1980. A wuraren nan biyu, ginin ya tsaya daram. Jama'ar da ke bakin kogi ce ba a sa cikin lissafi ba.

Saboda haka ya wajaba karatun digiri na biyu da na uku ya tara injiniya da malamin gona da lauya da masanin tattalin arziki da likita mai yaƙi da tsargiya a aji guda, su nazarci kogi guda tun daga mafarinsa har ƙarshensa. Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Kaduna sun cancanci jagorantar wannan aiki. Sauran ya rage ga hukumomin raya koguna, waɗanda aka kafa a 1976: su tura ma'aikatansu, su kuma amince da takardar shaidar wajen ƙarin girma.