Haƙurin wa ake nema?

Ina aji uku a kwalej lokacin da na gane mene ne kukan da ke tsallako katangar gidanmu a Maradi. Kullum bayan isha'i ne. Ƙarar kwano ya faɗi, sai muryar namiji, sai kukan mace mai toshe bakinta don kar maƙwabta su ji. Mu kuwa muna ji sarai. Baba ya ƙara muryar rediyo, inna ta kora mu ɗaki, wai ba a shiga tsakanin miji da mata. Sau uku matar nan ta yi yaji. Sau uku aka je biko da goro da turmin atamfa, iyayenta suka ce ta yi haƙuri, suka rako ta. Karo na huɗu gidan likita aka kai ta a bayan kabu-kabu, hannu a karye. Unguwa duka ta je dubiya, kowa na cewa Allah shi kiyaye gaba, sai ka ce daga bisa itace ta faɗo. Ni ma na je, ban ce uffan ba, kuma har yau abin yana cina.

Mutum ɗaya ne ya karya hannun nan, amma mu duka muka riƙe mishi ita. Abin da nake so mu yarda da shi ke nan, ƴan uwana ɗalibai.

Ba ni da faɗa da haƙuri. Da shi iyayenmu mata suka tsallake fari da tsadar hatsi. Tambayata ita ce: don mi wadda aka daka ake roƙo ta yi haƙuri, wanda ya daka kuwa a ba shi tabarma da ruwan sanyi? Ana cewa harshe da haƙori ma suna saɓawa. To, wa ya taɓa ganin haƙori yana tauna harshe kowane dare, sannan a ce harshe ne bai iya zama ba?

Yaji da biko ma ba haka aka gada su ba. Mace ta koma gida don manya su zaunar da mijin, su ji abin da ya yi, su gindaya mishi sharaɗi kafin ta koma. Yanzu an bar sharaɗin, an riƙe atamfar. Na san dalili: uba yana duban rumbu, yana lissafin bakin da ya ƙaru, yana tsoron maida sadaki da surutun an kaso ma ɗiyarshi aure. Ita kuma an ɗauke ta daga lakwal tun ba ta mallaki komi ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Binciken ya kuma nuna kusan mata shida cikin goma suna ganin miji na da hujjar dukan matarshi kan abubuwa kamar ƙona tuwo ko fita ba izini. Ba da wannan tunanin aka haife su ba. Mu muka koya musu shi, duk ranar da muka rako su gidan mai duka.

Wani zai ce addini ya ba shi dama. Ka je ka tambayi malamin da ka yarda da shi: Manzon Allah (SAW) ya taɓa ɗaga hannu ya bugi mace? Nana A'isha ta ba da shaida cewa bai taɓa ba. Wace sunna ce ta wayar rediyo da taɓarya? Wani kuma zai ce wannan maganar Turawa ce. Hannun da ya karye a unguwarmu ba daga Faransa aka kawo shi ba.

Kar kuma mu zauna jiran Yamai. Har yau ƙasarmu ba ta da kundin dokar iyali, kuma a 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. Amma dokar hukunta laifi tana nan, tana hukunta duka da jin rauni, kuma ba ta cire miji daga ciki ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne maƙwabcin da zai buɗe baki.

Saboda haka ga abin da ke hannunmu. In ka ji kuka, ka kira wani babba ku buga ƙofa ku yi sallama. Sau da yawa sallamar kaɗai tana tsai da hannu. In ta ba ki labari, kar ki fara da “mi kika yi mishi?” Ki saurare ta, ki rufa mata asiri, kar labarin ya kwana a WhatsApp. Ku haɗa kuɗin kabu-kabu da na magani, ku raka ta gidan likita, ta karɓi takardar da ke shaida raunin, don ita ce za ta yi magana a komisariya ko gaban alƙali in ta zaɓi kai ƙara. Zaɓin nata ne, kar mu ma mu zama masu yanke mata hukunci. In ƴar gidanku ce ta yi yaji, ka zama wanda zai ce: “Baba, a bar ta ta kwana, a kira shi ya zo ya yi bayani.”

Mu samari kuma, aikinmu yana fada, gefen butar shayi. Kowa ya san abokin da ke cewa “jiya na gyara ta”, a kwashe da dariya. Dariyar nan ce lasisinshi. Ka hana shi ita sau ɗaya, ka ga yadda fadar za ta yi tsit.

Maƙwabciyarmu tana nan a gidan, hannun bai miƙe daidai ba. Ɗiyarta ta fari ta isa aure, an fara kawo gaisuwa. In wata rana kukanta ya tsallako katangar ɗayanku, ina roƙonku don Allah, kar ku ƙara muryar rediyo.