Kallon Tsuntsaye a Dagona Ba Aikin Banza Ba Ne

A arewacin Jihar Yobe, inda ƙasa ta fara komawa rairayi saboda kusancin hamada, akwai wani tafki mai suna Dagona a ƙasar Bade. Yana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ke samun ruwa daga malalar kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke haɗuwa su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi. An keɓe Dagona domin kare tsuntsayen ruwa, kuma yana ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. A 2008 aka sanya shi cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

Da zarar damina ta ɗauke, sai baƙin tsuntsaye su fara sauka a wannan wuri. Daga cikinsu akwai agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsaye masu kiwo a bakin laka, waɗanda ke tasowa daga ƙasashen Turai da arewacin Asiya don gudun tsananin sanyi. Sukan ƙetare hamadar Sahara, su tarar da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, su zauna har wajen watan Maris sannan su juya. Mutane kan zo daga nesa da madubin hangen nesa da littafin rubutu, su zauna shiru tun asuba suna kallo suna ƙirgawa. Har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filif, ya ziyarci Dagona a 1989.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin sha'anin Turawa, ko aikin wanda ya ƙoshi ya rasa abin yi. Manomi kuwa yana da hujja mai ƙarfi ta ƙin tsuntsu, domin jan-baki kan far wa gonar gero ko ta shinkafa ya bar mai ita da kara. Ba a musun wannan hasara. Sai dai jan-baki daban, tsuntsun ruwa daban, kuma wanda bai saba kallo ba ne ke yi musu kuɗin goro.

Gaskiyar magana ita ce, tsuntsun ruwa shaida ne a kan lafiyar ruwa. Ba ya sauka inda babu kifi da ƙwari da tsirrai. Saboda haka ne masana ke ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu na kowace shekara a ƙasashe da dama. Idan adadinsu ya ragu a wani dausayi, alama ce ta cewa ruwan da masunci da makiyayi da mai noman rani suka dogara da shi ya fara samun matsala. Dausayin Haɗeja da Nguru ya ga irin wannan. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar da ke cika fadamu ta ragu, kuma ta sauya lokaci. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta kuma zama maɓoyar jan-bakin da manomi ke kuka da shi. Ashe ke nan abin da ya takura wa dinya shi ne ya takura wa mai gona.

Bugu da ƙari, lura da tsuntsaye ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kaka da kakanni, ganin shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a bishiyar cikin gari ishara ce ta ƙaratowar damina, har manomi ya fara gyaran gona. Wannan ilimi ne da aka samo ta hanyar kallo da haƙuri. Abin takaici shi ne, yaran yau da dama ba su iya bambanta zalɓe da shamuwa, gauraka kuma ta yi ƙaranci har wasu sun san ta a tatsuniya kawai. Duk tsuntsun da ya ɓace daga idon yaro, sunansa ma yana kan hanyar ɓacewa daga bakinsa.

A nan ne nauyi ya hau kan malamin Hausa. Ba dole ne sai ya kai ɗalibansa Dagona ba, ko da yake wanda ke kusa bai kamata ya bari ta wuce shi ba, domin gani ya kori ji. Kududdufin bayan gari ko fadamar ƙauye ta isa. Ya fita da su da sassafe, kowa ya rubuta sunan tsuntsun da ya gani, da kamanninsa, da abin da yake ci. Wanda ba su san sunansa ba, su tambayi masunta da tsofaffin gari. Daga nan za a sami darasin siffantawa da na insha'i da na karin magana. Yaron da ya koyi ƙirga tsuntsayen fadamarsu tun yana ƙarami, shi ne zai fara lura ranar da suka daina zuwa, ya kuma tambayi dalili.