Tarkon ɓera a gaban alƙali

A shekarar 1802 wani limamin coci na Ingila, William Paley, ya kawo misalin da har gobe ake maimaitawa: matafiyin da ya tsinci agogo a cikin saura ba zai ce iska da ruwa suka harhaɗa shi ba, zai san akwai maƙeri. To, ina ga idon ɗan Adam? Shekara 57 bayan haka Darwin ya fito da littafinsa na 1859, inda ya ce halittu suna rikiɗa sannu a hankali, yanayi yana tankaɗe su zuriya bayan zuriya, mai dacewa ya wanzu, maras dacewa ya shuɗe. Masana suka bi Darwin, agogon Paley ya koma hannun masu wa'azi.

A Amurka aka sake tono shi, da sabon suna: tsarin mai hikima. Wani lauya, Phillip Johnson, ya buɗe fagen a 1991. Ƙorafinsa ba na raini ba ne. Cewa ya yi kimiyya ta kafa wa kanta sharaɗin kada ta karɓi kowane bayani sai na sababan zahiri, sa'an nan ta juyo tana shelar ba ta ga hannun kowa ba. Wanda ya rufe ƙofa da kansa, ai ba shi da bakin cewa babu baƙo.

Hujja mafi nauyi ta zo daga Michael Behe, masanin sinadaran jiki, a 1996. Ya ɗauki tarkon ɓera: in aka cire ɗaya daga cikin sassansa biyar, ba ya kama ko da rabin ɓera, ya tashi aiki ke nan. Haka wutsiyar wasu ƙwayoyin bakteriya take, in ji shi, wadda ke juyawa kamar injin jirgin ruwa da sassa wajen arba'in. Abin da ba ya amfani sai ya cika, ta yaya za a gina shi kaɗan-kaɗan?

Maganar ta kai gaban shari'a a 2005. Hukumar makarantun garin Dover, a jihar Pensilbaniya, ta tilasta a karanta wa ɗaliban lise wata sanarwa mai nuna shakku kan Darwin, tana kuma tura su ga wani littafi na masu sabon ra'ayin. Iyaye goma sha ɗaya suka kai ƙara. Masanin halittu Kenneth Miller, wanda shi kansa mabiyin ɗariƙar Katolika ne mai zuwa coci, ya amsa wa Behe: tarkon da aka rage wa sassa ba ya kama ɓera, amma yana matse karabat ɗin ma'aikaci tsaf. Wasu sassan wutsiyar nan ma suna da takwarorinsu a cikin wata ƴar allura da ƙwayar annoba ke zuba dafi da ita. Ana gardama kan wanne ya riga wanne, sai dai an tabbatar guntun na'ura yana iya yin wani aikin dabam.

Abin da ya karya hukumar kuwa, tsofaffin kwafin littafin ne. An gano cewa bayan 1987, shekarar da kotun ƙoli ta hana koyar da aƙidar halitta ta coci a makarantun gwamnati, an bi rubutun ana goge kalmar ana sa sabon suna, sauran jimlar tana nan yadda take. Ranar 20 ga Disamba 2005 alƙali John Jones, wanda shugaba Bush ya naɗa, ya yanke hukunci mai shafi 139: wannan ba kimiyya ba ce. Bai ce babu Mahalicci ba. Ya ma bayyana cewa ra'ayin Darwin ba ya musun samuwarsa. Hukumar ta biya miliyon ɗaya na dala, dalar Amurka, ba ta kasuwar Maraɗi ba.

Johnson yana da gaskiya cewa kimiyya ta taƙaita kanta. Inda ya kauce shi ne ɗaukar taƙaitawar a matsayin zamba. Likitan da ke neman musabbabin zazzaɓi a cikin jini bai ƙaryata ƙaddara ba, yana neman abin da za a iya aunawa ne, a gwada, a ƙaryata in ƙarya ne. Masu tsarin mai hikima kuwa sun jingina hujjarsu ga abin da masana ba su gano ba tukuna, alhali kowace shekara giɓin yana ƙara tsukewa.

Behe kansa bai musa cewa halittu suna da asali guda ba. A littafinsa na 2007 ya ɗauki misalin da kowane ɗan Nijar mai shekaru ya sani: yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta rikiɗa har nivakin ya daina kashe ta. Shi yana ganin nan ne iyakar abin da tankaɗen yanayi ke iyawa. Mafi yawan masana suna ganin abin da ya faru cikin ƴan shekaru goma-goma ne kawai, a duniyar da rai ya haura shekara biliyan uku da rabi a cikinta.