Zinariya a rami, dalma a gonar wake

Duk mai fatauci tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa da Jibiya ya san wake ne ke riƙe da kasuwanninmu bayan kaka. Buhunan da ake lodawa a nan su ne ake saukewa a Dawanau ta Kano. Muna duba ƙwaya, mu ga ko ƙwaro ya huda ta, mu yi ciniki. Amma wace irin ƙasa ce ta haife ta? Wannan ba mu tambaya, alhali ya kamata.

Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Duwatsun zinariya ake kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa a injin hatsi, ƙura ta bi ko'ina. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Mu ma a 2021 an yi rububin zinariya a yankin Ɗan Isa. Ba kowane dutse ke ɗauke da dalma ba, amma zaibar da ake kama zinariya da ita guba ce ita ma.

Ga inda abin ya shafi wake. In ka tuge shi, ko gyaɗa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ke jawo wa shuka abinci daga iska, shi ya sa gero ke kyau a inda aka noma wake bara. Dalma da 'yar'uwarta kadmiyom suna rage waɗannan ƙulle-ƙullen, saiwa ta gajarce, ganye ya yi rawaya, kwanso ya fito ba cika. Manomi ya ɗauka rashin taki ne, ya ci bashi ya zuba. A banza. Kuma wannan guba ba ta ruɓewa kamar kashin shanu, shekaru take yi a ƙasa.

Yawancin dalma a saiwa take tsayawa, amma kadmiyom na hawa har ganye da ƙwaya. Ke nan har harawar da muke sayar wa masu kiwon ragon layya ba ta tsira ba. Ga kuma juji da ake kwasa daga gari a kai gona a matsayin taki, da fasassun batura a ciki.

A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya saboda maganin ƙwari. Ba ta ware buhun wane da wane ba, kowa ta shafa. Ranar da aka ce waken iyaka na da guba, haka za a yi mana.

Don haka muna kira ga sarakunan kasuwa da magadan gari: a raba injin dutse da injin hatsi, a hana shanya wake kusa da inda ake wanke zinariya, kuma ma'aikatan gona su auna ƙasar gonakin da ke kewaye da ramukan kafin damina ta faɗi.